Foldar da Baba Ajiye Ya Ɓoye

Ba sunansa ba ne Ajiye. Amma in ka hau ofishinmu ka kira sunansa na gaskiya, sai an tsaya kallon-kallo kafin a gane wanda kake nema. Bakinsa ne ya ja masa. Ka ɗauki takardar da inji ya yamutsa za ka jefa a kwandon shara, sai ka ji muryarsa daga lungu, "Ajiye ta." Biro ya ƙafe, "Ajiye shi." Marigayi mahaifinmu, wanda ya kafa wurin, shi ya gaji ya laƙaba masa sunan, mu kuma da muka taso muka ƙara masa Baba a gaba.

Aikinmu shirya littattafai. Malaman makaranta da 'yan ƙungiyoyi da tsofaffin da suka yi ritaya suna son barin tarihinsu kan kawo mana rubutun hannu, mu buga a kwamfuta, mu tsara shafuka, mu miƙa wa masu injin ɗab'i. Ɗaki biyu ne a saman shagon mai fenti, mu huɗu a ciki. Yayana, wanda ya gaji kujerar mahaifinmu, yana ɗakin gaba yana fama da waya da marubuta. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ke bugun rubutu tun ina goye. Baba Ajiye ke tsara shafuka da kula da kwamfutoci. Sai ni, autar gidan, da aka kawo bayan na gama karatu aka ce in sa ido aiki ya riƙa fita a kan lokaci. Na kuwa sa idon, har ya wuce inda aka ce.

Baba Ajiye da gyaran tafireta ya fara, a kan wani benci a bakin titi. Wata rana tafiretar Gwaggo ta ƙi tafiya, mahaifinmu ya ɗauko shi ya duba. Ya gyara, ya goge ta, ya sa mata mai, sannan ya tsaya yana daidaita takardun da ke kan tebur ba wanda ya sa shi. Shekara ashirin da shida ke nan bai koma bencinsa ba. Da kwamfuta ta shigo kowa ya ja baya, shi kuwa ya sayo wani littafi mai kaurin matashin kai, ya bi shi shafi-shafi har ya iya. A cikin wannan koyon ne ya yi kuskuren da ya zame masa tabo. Ya ɗora sabon fayil a kan tsoho, babi guda na wani tsohon malami ya tafi, rubutun hannun kuma an riga an zubar da shi. Malamin ya ce ba komai, zai sake rubutawa. Bai kai ga rubutawa ba ya rasu, littafinsa ya fito da babi goma sha ɗaya maimakon sha biyu. Tun daga ranar Baba Ajiye bai ƙara goge komai ba. Matarsa ta taɓa yi wa Gwaggo ƙorafi a gabana cewa ƙarƙashin gadonsu ko takalmi ba ya samun wuri saboda kwalayen takardu, kuma ta tabbata in ta riga shi mutuwa a kwali zai sa ta, ya rubuta kwanan wata a jiki.

Shi ya ɗora mu a kan manhajar rubutun da muke aiki da ita, wata mara kwalliya. Baƙin allo ne da fararen haruffa, sai a gefen hagu jerin foldoji da fayiloli, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kowane littafi da foldarsa, kowane babi da fayil ɗinsa, kuma duk kwamfutocin ofis rumbun ajiya ɗaya suke kallo. Ta wannan jerin muke shiga aiki, ta nan muke fita. Abin da ya nuna shi ne akwai. Ban taɓa kawo wa raina cewa jeri ma ana iya gaya masa abin da zai faɗa da abin da zai riƙe ba.

Gara in faɗi gaskiya, tun farko jinina bai haɗu da nasa sosai ba. Ni mutum mai yawan shiru ba ya kwanta mini. Gwaggo tana buga madannai tana magana, ta zagi rubutun marubuci, ta zagi wanda ya koya masa riƙe biro, ta ce, "Ni fa tun da nake ban taɓa duba aikina sau biyu ba, yatsuna sun fi idon wasu gani." Ita ka san inda ta dosa. Shi kuwa tebur ɗinsa na kallon nata, yana jin ta, ya ɗan murmusa, ya ci gaba da aikinsa. Sai ka yi wuni guda ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba, biyar a ciki kuma "ajiye" ce.

Ranar wata Litinin Yaya ya shigo ɗakinmu ya jefa wani littafi a tsakiyar tebur. Littafinmu ne na kimiyya na 'yan firamare, amma ba mu muka buga shi ba. Takardar sirara, hotunan sun dushe, bangon dai namu ne sak. Mako biyu kacal da fitar namu, ga na bogi a kasuwa a rabin kuɗi, marubucin kuma ya kira Yaya ya wanke shi tas.

"Ko a wajen masu inji ya fita, ko a nan," in ji Yaya. "In a nan ne, ko wane ne, ko shekara nawa ya yi, ya gama aiki a wurin nan. Kuma sai kowa ya ji dalili."

Gwaggo ta yi ta salati. Baba Ajiye ya ɗauki littafin ya juya shi, ya shafa takardar da babban yatsa, ya ajiye shi. Na kalle shi, shi kuma bai kalli kowa ba.

Bayan kwana uku ciwon haƙori ya kai shi asibiti, abin da ban taɓa gani ba, Baba Ajiye ba ya wurin aiki. Sai ga wani marubuci ya zo yana son a zuba masa duk babukansa a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Aikin Baba ne wannan, amma mutumin ya tsaya mini a kai. Na fita daga manhajar rubutu, na ja foldar littafin gaba ɗaya na jefa a filas ɗin. Babi goma sha takwas ne, ni na ƙirga su da kaina a jeri. Amma ɗan akwatin da ke nuna tafiyar kwafi ya rubuta fayil talatin da shida.

Na buɗe filas ɗin. Ga babi sha takwas, ga kuma wata folda a ƙasansu da ban taɓa gani ba, sunanta asali. A cikinta wasu sha takwas ɗin ne, sunayensu iri ɗaya. Na cire ta daga filas ɗin, na sallami mutumin, na koma manhajar rubutu na duba jerin gefen hagu. Babu ita. Na rufe na sake buɗewa, na je kwamfutar Gwaggo da ta Yaya, duk babu. Folda tana nan zaune a cikin rumbu, jerin kuma ya yi kamar bai san da ita ba.

Na kira wata ƙawata da muka yi makaranta tare, wadda kwamfuta ce abincinta. Ta yi dariya ta ce ai ba wani tsafi ba ne. Manhajar tana da fayil na saiti, a ciki ana lissafa mata sunayen da ba a so ta nuna, masu aiki na yin haka don kada tarkace ya cika musu ido. Ta gaya mini inda zan duba. Na samu layuka biyar. Huɗu na farko tarkacen da manhajar ke haifarwa da kanta ne, ƙawata ta tabbatar mini. Na biyar kalma ɗaya ce, asali. Mutum ɗaya ne a ofishin ya san akwai wannan fayil ɗin, balle ya taɓa shi.

Na bi littattafan ɗaya bayan ɗaya ta waje. Duk wanda muka yi cikin shekara uku da suka wuce yana da tasa ɓoyayyar foldar, waɗanda suka gabace su babu ko ɗaya. Na buɗe fayil guda na karanta sakin layi na farko, na ga daidai yake da wanda ke fili, na rufe. A nan na yi wautata, don ban ƙara ko layi ɗaya ba. Na riga na samu abin da nake nema. Kwafin kowane littafi, a gefe, a ɓoye, a shirye don wanda zai zo ya ɗauka. In ajiya ce irin tasa ta kullum, me ya sa ya ɓoye? Mutumin da ke ajiye biron da ya ƙafe a saman tebur kowa na gani?

Da ya dawo, kumatunsa a kumbure, na gwada shi.

"Baba, jerin nan na gefe yana nuna komai kuwa?"

Hannunsa ya tsaya a kan madannai. "Yana nuna abin da kike buƙata, Auta."

"Wanda ba na buƙata fa?"

"Shi ma yana nan. Ba abin da ya ɓata."

Ya sha jinin jikinsa, na gani a wuyansa. Daga ranar na zama inuwarsa. In wayarsa ta yi ƙara sai in kasa kunne, in ya sa hannu a aljihu sai in duba ko filas ne. Mai fenti na ƙasa ya gaya mini, ba tare da ya san me yake gaya mini ba, cewa Baba ai tun ƙarfe shida da rabi yake hawa sama, kullum, ya fi shekara biyu. Mu kuma takwas muke buɗewa.

Washegari na zo bakwai saura. Na cire takalmina a ƙasan matakala na hau a hankali. Ƙofa a buɗe take kaɗan. Yana zaune a kujerarsa, durowar Gwaggo a buɗe, rubutun hannun da take bugawa jiya yana kan cinyarsa. Ya ɗora rula a ƙarƙashin layi, ya kalli takarda, ya kalli allo, ya sauko da rular, ya sake kallo. Can ya buga wani abu. Na tura ƙofar. Ya yi firgigit ya kife takardun, ya rufe abin da ke allo da sauri irin na marar gaskiya.

"Auta. Lafiya da sassafe haka?"

"Ni ya kamata in tambaya, Baba. Me ya kai ka durowar Gwaggo?"

Ya mayar da takardun, ya daidaita su yadda ta bar su, har da biron da ta ɗora a kai. Wannan daidaitawar ta fi komai ba ni haushi, don ta nuna mini ya saba.

"Zauna mu yi magana, mu biyu," ya ce.

"In Yaya ya zo ma yi, mu huɗu."

"Don Allah, 'yar nan. Kada ki sa ta a ciki."

Na ɗauka kunyar Gwaggo yake ji, abokiyar zamansa ta shekara ashirin da shida. Har wani daɗi na ji a raina, Allah ya yafe mini.

Ƙarfe takwas da kwata kowa ya hallara. Na kira Yaya ɗakinmu, na zauna a kwamfutar Baba Ajiye, na buɗe fayil ɗin saiti na goge layi na biyar a gabansu. Jerin gefen hagu ya ƙifta, sai ga asali ta fito a ƙarƙashin kowane littafi na shekara ukun nan, ɗaya bayan ɗaya. Na yi bayani tiryan-tiryan kamar lauya, na faɗi talatin da shida, na faɗi shekara uku, na faɗi durowa da ƙarfe shida da rabi.

Yaya ya daɗe yana kallon allon. "Baba, mene ne wannan?"

"Ajiya ce."

"Ajiyar wa? Me ya sa ka ɓoye mana?"

Yaya ya matso kusa da shi.

"Baba, ka yi wa mahaifina aiki, ka ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Ka faɗa mini ba kai ka fitar da littafin nan ba."

"Ba ni ba ne."

"To me ake da kwafi biyu?"

Ya kalli ƙasa. "In ka ga sallamata ta fi, ka sallame ni. Amma a rufe abin nan."

Gwaggo ce ta taso masa, ta buga tebur. "Wane irin a rufe? Ana ce maka ɓarawo kana cewa a rufe? Auta, buɗe mana mu gani! Ni na san mutumin nan, ko allura ba zai ɗauka ba. Buɗe na jiya, wanda na buga da hannuna."

Na buɗe babin jiya guda biyu gefe da gefe, na fili a dama, na ɓoye a hagu. Farkonsu ɗaya. Na gangara ƙasa, sai na ga na hagu ya fi gajarta. Na sake gangarawa. A na hagu jimla ta fara a kan yadda tsiro ke shan ruwa, ta ƙare a kan hasken rana, layi uku na tsakiya babu su. A ƙasa kaɗan an maimaita sakin layi guda sau biyu. Can gaba kuma shafi ɗaya na rubutun hannun an tsallake shi ɗungurungum. Na dama kuwa cikakke ne, ba abin da ya ɓace. Na duba lokacin ajiya. Na hagu jiya ƙarfe uku da minti goma na rana, lokacin da Gwaggo ta tashi. Na dama yau, bakwai saura kwata.

Nan na gane. Yaya ma ya gane, na ji numfashinsa a bayana.

"Me ya faru kuka yi tsit?" in ji Gwaggo. Ta matso da fuskarta har hancinta na neman taɓa allon, ta gyara tabarau, ta ja baya, ta sake matsowa. A lokacin na lura da abin da shekara uku ina gani ban gani ba. Ba ta iya karanta shi.

"Karanta mini, Auta. Na hagun."

"Gwaggo, ba wani abu ba ne..."

"Na ce ki karanta."

Na karanta. Da na zo inda tsiro ya koma hasken rana ba gada a tsakani, ta ɗaga hannu na tsaya.

"Wannan nawa ne?"

Ta juya wajen Baba Ajiye.

"Tun yaushe?"

"Ba kullum ba ne yake yawa haka," ya ce a hankali.

"Ban tambaye ka yawansa ba. Tun yaushe?"

"Shekara uku."

Ashe kullum da safe sai Baba Ajiye ya ɗauke abin da ta buga ya sa a asali, ya bi rubutun hannu layi-layi ya cike gurabun, ya ajiye gyararren da sunan nata a inda ta bar shi. Ita ba ta duba baya, mu kuma gyararren kawai jerin ke nuna mana. Da wani ne da ya goge nata ya huta, ba mai sani har abada. Shi hannunsa ba ya iya gogewa, sai ya ɓoye, ya manta cewa manhajar kaɗai ya rufe wa baki, rumbun yana nan yana ƙirga abinsa.

Gwaggo ta zauna. Ta cire tabarau ta naɗe shi a gefen mayafinta. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Shekara uku ina zaune a gabanka ina cika baki, kana murmushi," ta ce. "Ashe dariya ake mini."

"Wallahi ban taɓa..."

"Da ka gaya mini ranar farko, da na je an duba idon tun da sauran gyara. Ko in tashi da mutuncina, da ƙafata. Ka mayar da ni abar tausayi ban sani ba."

Ta ɗauki jakarta. Yaya ya bi ta yana ba ta haƙuri, ta ce ya koma bakin aikinsa. Muna jin ta tana sauka a hankali, tana laluben kowace matakala da ƙafa.

Yaya ya dawo ya durƙusa a gaban Baba Ajiye ya nemi gafara, ni ma na durƙusa. Littafin bogin daga baya muka ji cewa namu na kasuwa aka saya aka ɗauki hoton shafukansa, aikin da kowa zai iya a wuni ɗaya. Baba bai riƙe mu ba. Abu ɗaya kawai ya ce mini, ba da faɗa ba.

"Kin wanke ni, Auta. Da kin bar ni da dattina ya fi mini."

Yana nan har yau a lungunsa. Ni na koma kujerar Gwaggo, ina bugu da yatsu shida, shi kuma yana duba mini a gabana, ya nuna kuskure da bakin biro. Likita ya ce ido ɗaya na Gwaggo ya riga ya tafi, ɗayan ana lallaɓa shi da magani. Ta yafe mini tun makon farko, ta ce ni yarinya ce, kaina na rawa. Shi ne ba ta yafe wa ba. Ya je gidanta sau biyu da matarsa, ta karɓi matar a ɗaki, shi ta aiko a ce masa tana barci.

Duk ranar Asabar nake zuwa in karanta mata jarida. Ranar Litinin kuma, kafin in ajiye jakata, sai ya ɗago kai daga allo.

"Kin je?"

"Na je, Baba."

"Ya jikin nata?"

"Da sauƙi."

Sai ya ɗan jira, yana gyara zaman rular da ke gabansa. "Ta tambaye ni?"

Na sha yin niyyar in ce masa e. Amma a ofishin nan an riga an gwada rufa wa mutum gaskiya don ana ƙaunarsa, na kuma ga inda ta kai mu. Sai in ce, "Ba ta tambaya ba, Baba." Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini babin da zan buga ranar.